Daga Fartanya Zuwa Tsintsiya: Ɗaliban Kontagora da Zanen Dimokuraɗiyya

Duk wanda ya shiga Kontagora ana saura wata biyu zaɓe, ko ta hanyar Tegina ya biyo ko ta Yawuri, fastoci ne za su fara yi masa maraba. Suna jikin katanga, suna jikin turakun lantarki, suna bayan Keke Napep, wani a kan wani har bango ya yi kauri. Akwai waɗanda aka bugo daga Kaduna ko Minna, amma da yawa a nan cikin gari aka tsara su, a ƙananan shagunan kwamfuta, kuma hannun da ya tsara su galibi na matashi ne: ɗalibi, ko wanda bai daɗe da ajiye littafi ba. Ba kasafai ake tambayar waɗannan matasa ra'ayinsu kan dimokuraɗiyya ba. Ana dai miƙa musu hoton ɗan takara, a ce su gyara masa fuska, su ƙara wa hularsa haske.

Aikin nasu kuwa tsoho ne, ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun ranar da aka fara kiran talakan wannan yanki ya zo ya zaɓi wakilinsa, da zane aka yi masa magana. Kontagora gari ne na sarauta. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa shi a 1864 yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan, kuma tun kafin Turawa su ci garin a 1901 mulki yana da alamominsa da ba sai an yi karatu ake gane su ba: tuta, tambari, kakaki, rawani. Da siyasar jam'iyyu ta iso, sai ta tarar da ƙasa mai faɗi, mai harsuna da yawa. Ga Kambari, ga Dukkawa, ga Dakarkari, ga Kamuku, ga Fulani da Hausawa, masu karatun boko kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ita ma dole ta nemi alamar da ido zai kama.

A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, wanda ya share fagen 'yancin kai, kowane ɗan takara akwatinsa daban. Ana ba mutum takarda, ya shiga bayan labule shi kaɗai, ya nemi akwatin da aka manna wa alamar jam'iyyarsa ya jefa. Fartanya ta NPC ce, masu gaisuwar Salama. Tauraro na NEPU ne, 'yan Sawaba. Zakara na NCNC, bishiyar kwakwa ta Action Group. Wanda ya zaɓa wa NPC fartanya ya san abin da yake yi, domin daga Rijau zuwa Wushishi babu gidan manomin da ba ta jingine a bayan ƙofa. Tsarin akwatunan yana da rauni: mutum na iya shiga ya fito da takardarsa cikin aljihu, ya sayar wa wanda zai zuba su a dunƙule. Babban rauninsa kuma shi ne waɗanda ya bari a waje, don matan Arewa gaba ɗaya ba su da ƙuri'a a wannan zaɓe.

Shekara ashirin bayan haka aka dawo da sabon zubi. An ƙirƙiri Jihar Neja a 1976, an rage shekarun mai zaɓe zuwa 18, mata sun shigo layi, alamomin jam'iyyu biyar kuma sun koma kan takarda ɗaya wadda ake dangwala wa yatsa. Gida da masara na NPN, wadda ta kafa gwamnatin Alhaji Awwal Ibrahim a Minna, da mabuɗin PRP ta Malam Aminu Kano, su ne har yau tsofaffi ke tunawa ko sun manta sunayen 'yan takarar. Daga nan nauyi ya koma kan takarda. Girman gurbin dangwale, tazarar da ke tsakanin alama da alama, kaurin tawada, duk suka shiga cikin abubuwan da ke yanke wa ƙuri'a hukunci.

Sai zamanin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, wanda a 1989 ya rushe ƙungiyoyin siyasar da suka nemi rajista ya kafa jam'iyyu biyu da kansa: SDP mai doki, NRC mai mikiya. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ita ta gina musu ofisoshi. Hukumar MAMSER, da aka kafa a 1987 ƙarƙashin Jerry Gana, shi ma ɗan jihar, ta cika gari da fastoci da tallace-tallacen wayar da kai. A zaɓukan 1990 da 1991 har takardar ma aka jingine, aka ce kowa ya yi layi a bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna. Tsari ne mai sauƙin ganewa, amma ya tona asirin ɗan haya a gaban mai gida, ya tona na mata a gaban miji. Daga sama aka tsara komai, daga sama kuma aka soke shi bayan zaɓen 12 ga Yuni 1993. Lemar PDP da masarar abokiyar hamayyarta suka zo a 1999, alƙalamin CPC ya yi ɗan zamaninsa, tsintsiyar APC ta karɓi mulkin ƙasa a 2015.

Masu zana irin waɗannan alamomi ba sa sa hannu a kan aikinsu, shi ya sa ake mantawa da su. Inda aka riƙe suna kuwa, sau da yawa sai a tarar ɗalibi ne. Tutar ƙasar nan kanta aikin ɗalibi ce. Michael Taiwo Akinkunmi yana karatun injiniyan lantarki a Landan ya ga sanarwar gasa a jarida, ya aika da zanensa, ya yi nasara a kan zane sama da 2,000, aka ba shi fam 100. A zanen da ya aika akwai jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore, fari, kore. Ya rayu har 2023 yana kallon tutar da ba daidai take da wadda ya zana ba. Ko aikin mutum ɗaya sai da ya bi ta hannun wasu kafin ya zama na kowa.

A Zariya kuwa aikin na taro ne tun daga tushe. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Kukansu shi ne malamansu Turawan Ingila suna koya musu zane sai ka ce a Landan ake, alhali ƙasar na dab da karɓar 'yancinta. Mai tafiya cikin birnin Zazzau a lokacin kuwa, zayyanar magina yake gani a fuskar zaure bayan zaure. Ɗaliban ba su ƙaurace wa aji ba. Sun riƙa haɗuwa bayan darasi suna muhawara, kowa kuma ya waiwayi zanen gargajiyar mutanensa, ya kawo a baje a gaban juna. Da bikin 'yancin kai ya zo a 1960, Okeke da Nwoko da Onobrakpeya suna cikin waɗanda suka ƙawata rumfar baje kolin fasaha a Legas. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma ta bar tambayar da kowane rukunin ɗalibai ke fuskanta har gobe: da idon wa ake zana wa jama'a hoton kansu?

Amsa mafi amfani ta fito ne daga wani sashen na jami'ar, na wasan kwaikwayo. A 1977 malamai irin su Michael Etherton suka tura ɗalibai ƙauyukan Soba, su ji ta bakin manoma game da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, su mai da abin da suka ji wasa, su koma su nuna. Shi ne Wasan Manoma. Daga baya su kansu masu shirin suka lura cewa har yanzu ɗan jami'a ne ke magana, manomi na kallo. A ayyukan da suka biyo baya a ƙauyuka irin su Maska da Bomo, aka riƙa janyo mutanen gari daga sahun 'yan kallo zuwa cikin fage, har ya zama su ke faɗin matsalar, su ke taka rawar. Salihu Bappa da Oga Steve Abah suna cikin waɗanda suka raini wannan hanya.

Kontagora ba ta da shahararriyar makarantar zane irin ta Zariya, amma tana da abin da ya fi shiga lungu: horar da malamai. Gwamnatin tarayya ta buɗe kwalejin malamai a garin a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ake neman malamai ido rufe saboda shirin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976, yau kuma garin yana da Jami'ar Ilimi ta Tarayya. Duk wanda ya yi NCE ya san kayan koyarwa. Kafin a fita koyon aiki a makarantu, malami kan raba aji rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni batu, kuma a darasin zaman jama'a da na zama ɗan ƙasa batun ba ya wuce irin su rabon iko tsakanin majalisa da kotu da ɓangaren zartarwa, haƙƙin ɗan ƙasa, da yadda ake jefa ƙuri'a. Abin da aka zana a nan shi ne zai rataya a bangon wani aji a Bangi ko Nasko, inda wataƙila babu wani hoton sai shi.

A da aikin na hannu ne. Farin kwali, maka kala uku ko huɗu, reza, rula, gam ko kunun sitaci, tsofaffin kalanda da jaridun da za a yanko hotuna. A shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin kwana ko a gindin bishiya, mai hannun zane ya durƙusa, mai kyan rubutu ya jira layinsa, wata ta ce wannan akwatin bai yi kama da na zaɓe ba, a sake. Kwali ɗaya na iya cin yamma biyu. Ba a ce kowa na aiki ba, don 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ba yau suka fara ba. Amma jinkirin aikin yana tilasta wa mutane zama wuri ɗaya, zaman yana haifar da gardama, gardamar kuwa ita ce darasin. Ɗan Zuru da 'yar Bida da ɗan Kagara sai sun daidaita a kan yadda za a zana jama'a kafin maka ta taɓa kwali, domin in ta taɓa ba ta goguwa.

Yau kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ta wadatar, ko ma waya. CorelDraw ta kori buroshi daga shagunan masu rubutun allo, Canva kuma ta sa wanda bai taɓa riƙe fensir ba yana fitar da fosta kafin shayi ya huce. Ci gaba ne na gaske, kada a raina shi. Ɗalibar da ba ta da hannun zane yanzu tana iya nuna abin da ke ranta, ana gyara kuskure sau goma ba a sayi sabon kwali ba, aikin da a da zai ƙare a bangon aji ɗaya yanzu yana iya zaga WhatsApp ɗin unguwa kafin magariba. Abin da aka rasa shi ne zaman. A rukunin mutum goma sha biyar, ɗaya ne ke gaban na'ura, sauran su turo kuɗin bugawa da lambar rajista a rubuta a bangon aikin. Aiki a kan dimokuraɗiyya, an yi shi ba shawara ba muhawara. Abin da ya fi ciwo shi ne hoton da ake saukowa da shi daga intanet: akwatin zaɓe irin na Turai, hannu fari sol yana jefa ambulan, abin da babu mai kama da shi a rumfar zaɓen Tungan Kawo.

Rukunin da ya ɗauki aikin da gaske kuwa, ba ya nisa sai ya ci karo da abin da littafin darasi bai faɗa ba. Kala ma tana da jam'iyya. Kore da fari da ja na PDP ne, a ƙara shuɗi ya koma na APC, jar hula kuma ta riga ta zama ta Kwankwasiyya ko a garin da ba Kano ba. Kayan gida da na gona ma an rabe su: tsintsiya, lema, zakara, doki, mabuɗi, kowanne da mai shi. Ɗalibin da ya zana mace tana shara a ƙofar rumfar zaɓe don nuna tsabta, ya yi wa wata jam'iyya kamfe bai sani ba. Sai batun fuskoki. Wa za a sa a layi? In duk maza ne, an maimaita 1959. In an sa mace, da wace shiga? Ina makaho, ina mai keken guragu, ina Bafulatani da sandarsa, a wannan zamani da rashin tsaro ya sa ake yi wa bawan Allah mai kiwonsa kallon da bai cancanta ba? Sannan da wane rubutu: boko, ko ajamin da dattijon da ya yi makarantar allo zai karanta ba tare da ya kira jika ba? Mutumin Salka da Kambarci ya fi zauna masa a baki fa? Kowace tambaya cikin waɗannan tana iya raba rukuni gida biyu, kuma a nan ne ɗalibi ke ɗanɗana ma'anar rinjaye, da haƙƙin marasa rinjaye, da haƙurin sauraron wanda yake ganin bai fahimta ba.

A Mayun 1968 ɗaliban makarantar zane ta birnin Faris sun mamaye ɗakin buga zane na makarantarsu, suna fitar da fastocin goyon bayan ma'aikata masu yajin aiki. Dokarsu ita ce kowane zane sai an kawo shi gaban taro an tattauna an amince kafin a buga, kuma ba mai sa sunansa. Tsari ne mai kyau, ya cancanci koyi. Sai dai yardar 'yan rukuni abin da 'yan rukuni ke so kawai take nunawa. Ba ta nuna ko tsohuwa mai sayar da daddawa za ta gane inda za ta dangwala.

Amurka ta ga wannan da idonta a zaɓen shugaban ƙasa na 2000. Shugabar ofishin zaɓe ta gundumar Palm Beach a jihar Florida ta so ta ƙara girman rubutu saboda tsofaffi, sai ta baza sunayen 'yan takara a shafi biyu, ramukan hudawa a tsakiya. Niyyar alheri ce. Amma sunan Al Gore shi ne na biyu a hagu, raminsa kuma na uku. Rami na biyu na Pat Buchanan ne. Buchanan ya tashi da ƙuri'a sama da 3,000 a gundumar, har shi kansa ya ce da yawansu ba nasa ba ne, wasu dubbai kuma suka huda rami biyu ƙuri'arsu ta lalace. George Bush ya ci Florida da ratar 537, da ita ya zama shugaban ƙasa.

Abin da ya biyo baya ne ya fi dacewa ɗaliban Kontagora su sani. A Chicago, inda aka yi asarar ƙuri'u masu yawa a wannan zaɓe, wata malamar zayyana a Jami'ar Illinois, Marcia Lausen, ta mai da matsalar aikin aji. Ita da ɗalibanta da ƙungiyar masu zayyana ta AIGA suka zauna da jami'an zaɓe na gundumar Cook, suka sake tsara takardar ƙuri'a, da allunan nuna hanya a rumfuna, da littafin horar da ma'aikata. Ba wani abin al'ajabi suka ƙirƙiro ba: rage manyan haruffa zalla, jera rubutu daga gefe ɗaya, cire cunkoso, sa abu mafi muhimmanci ya fi fitowa. An yi amfani da aikin a zaɓe na gaske, ya zama littafi a 2007.

A nan gida ma akwai abin dubawa a alƙaluman hukumar zaɓe ta INEC. A zaɓen shugaban ƙasa na 2015, mai 'yan takara 14, ƙuri'u 844,519 aka soke. A 2019 'yan takara suka kai 73, takarda ta yi tsawo, alamomi suka cunkushe, haruffan jam'iyyu suka riƙa kama da juna, lalatattun ƙuri'u suka haura zuwa 1,289,607, adadin da ya zarce duk ƙuri'un da aka jefa a Jihar Neja a wannan zaɓe. Bayan INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a 2020, an shiga zaɓen 2023 da 18, aka soke 939,278. Ba duka ne laifin zane ba. Akwai mai ɓata ƙuri'arsa da gangan, akwai wakilin jam'iyya mai nacewa a soke ta abokin hamayya. Amma akwai yatsan manomi mai faɗi da ya tsallake layi, akwai tawadar da ta shafi wani gurbi wajen naɗewa, akwai wadda ta zo neman fuskar ɗan takara ta tarar babu, domin takardarmu alama da haruffa kawai take ɗauka, ba kamar ta Ghana mai hoton ɗan takara ba. A 2023 ma NNPP ta koka cewa alamarta ba ta fito sosai a takardar ba. Kowace ɗaya cikin waɗannan ƙuri'u mutum ne da ya bar gona ko shago, ya sha rana a layi, ya koma gida yana zaton ya yi zaɓe.

Ɗaliban Kontagora ba za su sake zana takardar ƙuri'a ba, wannan hurumin INEC ne. Amma kusan duk abin da ke kewaye da takardar a buɗe yake. Su ne ma suka fi kowa ganin inda ake tuntuɓe, domin tun 2011 hukumar ta dogara ga masu yi wa ƙasa hidima, tare da ɗaliban manyan makarantun tarayya, a matsayin ma'aikatan wucin gadi. Su ke ganin yatsan da na'urar BVAS ta ƙi karantawa, su ke jin tambayar da ake maimaita musu tun safe har la'asar. Ana biyansu alawus a sallame su, abin da suka gani ya tafi da su. Da za a tara su bayan kowane zaɓe a rubuta waɗannan tambayoyi, da an sami aikin zayyanar da zai ishi shekara guda.

Ga misali mai sauƙi. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846, aka sauya wa mutane da yawa rumfa, a 2023 wasu suka yi ta yawo da kati a hannu suna neman sunansu. Ga kuma waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Mariga da Rijau da Mashegu suka fake a cikin gari. Taswirar mazaɓa guda, a zana ta da abubuwan da mutane ke kwatance da su, masallaci, famfo, injin niƙa, makarantar firamare, a manna a ƙofar mai unguwa, aiki ne da mutum shida za su gama cikin zango ɗaya. Haka nan takardar gwaji mai alamomin da ba na kowace jam'iyya ba, tulu, turmi, ludayi: a kai ta kasuwa da tawada ta gaske, a tsaya a ga mutum nawa cikin hamsin za su dangwala daidai, su naɗe ba tare da shafa ba. Ranar da rukuni ya ga zanen da ya kwana yana yabo ya rikita mutum ashirin, ranar ya fara koyon zayyana.

Aikin kuma ba ya ƙarewa da rufe akwati. Ƙungiyar BudgIT ta fara ne a 2011 da abu ɗaya: ɗauko kasafin kuɗin gwamnati mai ɗaruruwan shafi a mai da shi zanen da za a gane da kallo ɗaya. Yiaga, wadda ta jagoranci fafutukar rage shekarun tsayawa takara har Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar a 31 ga Mayu 2018, ƙungiyar ɗalibai ce a Jami'ar Jos a 2007. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma, babu abin da zai hana rukunin ɗalibai fitar da shafi ɗaya da Hausa: ga abin da aka ware wa Kontagora, ga abin da aka ce za a yi da shi.

Akwai kuma gefen da ba a cika son faɗa ba. Hannun da ya iya tsara fosta ya iya tsara takardar sakamakon bogi, ya iya ɗora tambarin wata kafar labarai a kan maganar da ba wanda ya faɗa. BBC Hausa ta sha fitowa tana nesanta kanta da irin waɗannan hotuna. A da mai rubutun allo sananne ne a unguwa, in ya rubuta ƙarya an san ƙofar shagonsa. Yanzu ba a ganin hannun. Yaron da ya koyi sana'ar shi kaɗai a waya, ba malami ba abokan gardama, babu wanda ya taɓa tambayarsa inda ya samo wannan adadi. A cikin rukuni mai rai, tun yana aji ɗaya wani zai tsare shi da wannan tambaya.

Gyaran yana hannun malamai kafin kowa. Rukuni kada ya yi yawan da mutum zai ɓuya a cikinsa, a kuma rubuta wa ya yi me, a bar 'yan mata su riƙe na'urar maimakon rubuta sunaye kawai. Maki kuma kada ya tsaya ga kyan fosta a bangon ofis. A ba da shi a kan abin da ya faru da aka kai ta Masuga ko Rafin Gora: mutum nawa suka gane, me suka tambaya, me aka gyara bayan an dawo. Ofishin INEC da na hukumar wayar da kai ta NOA su ma su buɗe ƙofa, su karɓi aikin da ya tsallake gwaji su buga shi da sunan ɗaliban. A fara tun zangon karatu mai zuwa, kada a jira sai an buga gangar zaɓe.